Nazarin lamari: mapul biyu a wani gida a Agege, ɗaya ta mutu, ɗaya ta tsugune

Gidan yana Agege, ba nisa da Zango. Bene ne mai hawa ɗaya, da fili a gaba wanda aka shimfiɗe da intalok tun daga bakin ƙofa har gindin katanga. Maigidan ɗan kasuwa ne. Ya ga hoton mapul ta Japan, wata ƙaramar bishiya mai jan ganye, a intanet, kowane ganye kamar tafin hannu a buɗe, ta kwanta masa a rai. Mai fulawar da ke kula da gidan ya samo masa guda biyu a wajen wani mai shigo da tsirrai daga waje. Ƙarshen watan Maris aka sauke su, kowacce a baƙar roba, ganyensu sabo ja wur. Babbar ta kai santimita 90, irin da ake kira Bloodgood, mai miƙewa sama. Ƙaramar ba ta wuce santimita 45 ba, Crimson Queen ce mai tsattsagaggen ganye kamar leshi, rassanta a sunkuye.

Bayan wata 14 babbar ta mutu. Ƙaramar tana da rai, amma ba ta ƙara tsawo ko na ɗan yatsa ba. Matsaloli iri biyu ne suka haɗu a gidan: waɗanda hannu ke iya gyarawa, da wadda ba ya iyawa. Na farkon suka rufe ta biyun kusan shekara guda, aka yi ta kashe kuɗi da ƙarfi ba a kan asalin ciwon ba.

Wannan bishiya ita ce mapul ta Japan, sunanta a kimiyya Acer palmatum. Asalinta dazukan Japan da Koriya da wasu sassan Sin, inda take tashi a ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin inuwa mai tsaga-tsaga da ƙasa mai laushi wadda ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe. Japanawa na kiranta momiji. Masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Peter Thunberg, shi ya raɗa mata sunan kimiyya a 1784, ta kuma isa Ingila a 1820. Saiwoyinta sirara ne, a sama-sama suke yaɗuwa, ba sa nutsawa. Ganyenta ba shi da kauri. Duk abin da ya faru a Agege daga waɗannan halaye ya taso.

Inda aka dasa babbar

Lokacin shimfiɗa intalok, masu aiki sun bar zobe mai faɗin santimita 80 a gindin katangar da ke fuskantar yamma. Nan aka haƙa rami, aka zuba baƙar ƙasa buhu biyu, aka dasa. Ƙaramar aka bar ta a robarta a baranda mai kallon gabas, tana samun hantsi har wajen ƙarfe goma, daga nan inuwa.

Maigidan ya karanta cewa a dasa mapul a arewacin gini don ta samu inuwa, ya so ya bi, wuri ne bai samu ba. Da ya samu ma da ba ta fisshe shi ba. Turawa da Amurkawa ne suka rubuta wannan shawara don ƙasashensu, inda rana kullum ta kudu take bi. Legas tana kan digiri 6 da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya. Farkon Afrilu da farkon Satumba rana na tsayawa tsakar ka, tsakanin waɗannan watanni kuwa ta arewa take karkata. Bangon arewa da ake tsammanin inuwa, a Yuni rana yake sha. A nan abin dubawa shi ne gabas da yamma, kuma yamma ce mafi muni: daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana na dukan bango, bulo da intalok su sha zafi, su yi ta amayo shi har bayan isha.

Sati uku na farko babu abin cewa. A sati na huɗu bakin ganyen babbar ya fara bushewa, yana nannaɗewa kamar an gifta shi a wuta, tsakiyarsa kuma da sauran danshi. Wannan ƙunar ganye ce: ruwan da ke fita ta ganye ya fi wanda saiwa ke iya turowa. Mai fulawa ya duba ya ce, "Alhaji, ƙishi take ji, a ƙara mata ruwa." Aka mayar da ban ruwa safe da yamma, bokiti guda kowane zubi. Hasashensa bai yi nisa da gaskiya ba, maganin ne ya kauce. Inuwa take nema, ba ƙarin ruwa ba.

Sai damina ta kankama. Legas na samun ruwan sama wajen milimita 1,500 ko fiye a shekara, Yuni ne kuma kan gaba. Intalok ɗin gidan ya ɗan gangara zuwa katanga, ruwan rabin filin duk zoben yake nufa. Ganye ya fara yaushi alhali ƙasa jagab take, sabbin ganye suna fitowa ɗorawa-ɗorawa, jijiyoyinsu kore. Aka ɗauka yunwa ce, aka zuba kashin kaji kwano biyu a gindi, wanda bai gama ruɓewa ba. Cikin kwana goma rabin ganyen ya zube.

Abin da tono ya nuna

A tsakiyar Yuli aka tono ta. Abu huɗu aka gani, kowanne da alamarsa a ganye.

Ramin kansa kwano ne. Baƙar ƙasar ba ta wuce zurfin santimita 35 ba, ƙarƙashinta jar ƙasa ce da aka danne da inji lokacin gini. An cika ramin da ruwa aka bar shi, washegari da safe rabinsa na nan. Ramin da ya dace, idan aka haƙa santimita 30 aka cika sau biyu, zubi na biyu ya riƙa sauka aƙalla santimita 2 da rabi kowace awa. Gwajin yini ɗaya ne, da an yi shi tun Maris da ba a dasa komai a wurin ba sai an gyara. Saiwa numfashi take yi kamar kowane mai rai. Idan ruwa ya kore iska daga ƙasa na kwanaki, ƙananan saiwoyi su mutu, ƙwayoyin ruɓa su shiga. Saiwar lafiyayyar mapul fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi. Ta wannan ta yi ruwan ƙasa, tana wari, ɓawonta na saɓulewa tsakanin yatsu. Shi ya sa ganye ke yaushi cikin ruwa: ruwan na nan, bakin sha ne babu.

Na biyu, ɓaraguzan siminti da guntayen bulo da magina suka binne a wurin. Mapul na son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin pH 5.5 zuwa 6.5. Siminti na kashe tsamin ƙasa, idan kuwa ya mutu, sinadarin ƙarfe ya kulle, saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Ɗorawar sabbin ganye ke nan. Saboda wannan dalili ne ba a zuba wa mapul toka, duk da amfaninta a wasu shuke-shuke.

Na uku, an binne ta da zurfi. Waɗannan nau'o'in duk 'yan aure ne, kamar mangwaro: an ɗora reshen jar a kan gindin koriyar mapul da aka tayar daga iri. Mahaɗar auren tana ɗan sama da ƙasa, kuma wuyan saiwa, wato inda kara ke buɗewa ya zama saiwa, dole ya kasance daidai da fuskar ƙasa. A nan ƙasa ta haye wuyan da kusan santimita 8, ɓawon wurin ya yi laushi. Na huɗu shi ne kashin kajin, wanda gishirinsa da zafinsa suka ƙone 'yan saiwoyin da suka tsira a sama.

Aka yi ceto yadda ya kamata. An wanke saiwar da ruwa a hankali, aka datse duk ruɓaɓɓen da almakashi mai kaifi, ana goge bakinsa da sifirit bayan kowane yanka. Kusan rabin saiwar ya tafi, don haka aka rage dogayen rassa biyu. Aka samo tukunyar ƙasa mai faɗin santimita 40 da huda biyar a gindi, aka ɗora ta a kan bulo biyu don ruwa ya wuce. Haɗin ƙasar: kashi biyu garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka tsiyaye sau uku don fitar da gishiri, kashi biyu yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa, kashi ɗaya takin ganye da ya ruɓe sarai. Aka rufe sama da busasshen ganye kaurin santimita 5, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kara. Ban ruwa sai an tura yatsa gaɓa biyu an ji ƙasa ta sha iska. Taki, babu ko kaɗan na wata biyu. Aka ajiye ta kusa da ƙaramar a baranda, aka ɗaura raga mai tare rabin hasken rana ta gefen da iska ke kaɗo ruwa.

Ta amsa. Lokacin ɗan tsayawar ruwa na Agusta ta fitar da sabon ganye, zuwa Oktoba ta rufe jikinta. Launin ne bai dawo ba. Kowane ganye ya fito ja, bayan sati biyu ko uku ya koma kore mai duhu da ɗan ruwan tagulla. Jan launin mapul wani sinadari ne da ganye ke haɗawa daga sukari, yana kuma zama ne idan rana na da haske, dare na da sanyi. Daren Legas galibi digiri 23 zuwa 26 ne. A irin wannan ɗumi launin na rushewa da sauri, bishiyar kuma tana ƙone abincin da ta tara da rana wajen numfashin dare. Idan aka kai ta rana don ta yi ja, ta ƙone; idan aka bar ta a inuwa, ta yi kore. Babu tsakiya mai daɗi a wannan gari.

Sanyin da babu shi

Da hunturu ya shigo a Disamba, babbar ta zubar da ganye. Mutanen gidan suka yi murna, don sun ji cewa haka take yi a ƙasarta ta asali, ta yi barci ta farka. Amma bushewar iska ce ta kakkaɓe ganyen, ba barcin gaskiya ba ne. Hunturunmu ƙura ne da bushewa, ba sanyin da idon mapul ke ƙirgawa ba.

Ga yadda abin yake a gidanta. A birnin Kyoto na Japan tsawon yini na kai awa 14 da rabi a Yuni, ya ragu zuwa ƙasa da awa 10 a Disamba. Gajartar yini ce ke sanar da bishiyar ta daina girma, ta janye abinci daga ganye zuwa kara da saiwa, ta rufe idanun toho. Daga nan idanun ba sa buɗewa da kyau sai sun sha sanyi na makonni. A Janairu matsakaicin yanayin Kyoto wajen digiri 5 ne. Masu renon mapul a tukunya sun saba lissafa kimanin awa 1,000 ƙasa da digiri 7, wato wajen sati shida cur. A Legas bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya ba, sanyi ƙasa da digiri 7 kuwa ba a samun ko awa guda. Kyan da bishiyoyin suka zo da shi a Maris guzuri ne: sun sha sanyinsu a inda aka rene su, suka zo suka kashe shi a Agege. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce lafiyarsu ƙalau, kuma wannan ne ke ruɗin masu saye, domin watannin farko ba sa nuna komai.

A Fabrairu ido ɗaya cikin huɗu ne ya buɗe, nan da can, ganyen ƙanana. Kawunan rassa suka fara baƙi suna bushewa zuwa ƙasa. Ana kankare ɓawo da farce a duba: kore na nufin rai, ruwan ƙasa na nufin mutuwa, kuma kowane sati layin mutuwar na sauka. Wasu ƙarfafan rassa biyu suka tsiro daga ƙasan mahaɗar aure, ganyensu kore shar. Mai fulawa ya so a bar su, amma na gindin ne, ba na Bloodgood ba, alama ce ta cewa saman ya gaza. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya taru a hammatar rassa. An goge shi da auduga da sifirit, aka fesa man darbejiya, mililita 5 a litar ruwa da ɗigon sabulun ruwa, da yamma, sau uku a tazarar sati. Ƙwaron ya tafi, bishiyar ba ta dawo ba. A Mayu da aka kankare ɓawon, ya nuna ruwan ƙasa har gindi.

Ganin yadda idanun babbar suka ƙi buɗewa, aka gwada wa ƙaramar sanyin firij tun ƙarshen Fabrairu. An daina taki, aka rage ruwa sati biyu, aka kai ta ɗaki mai na'urar sanyi kwana goma don kada a ɗauke ta daga digiri 32 a jefa a 4. Aka yanke ganyen da almakashi aka bar 'yan sandunansu su faɗi da kansu, aka sa tukunyar a leda mai huda, aka shigar da ita firij na daban da ma'aunin zafi a ciki, tsakanin digiri 3 da 6. Ba a haɗa ta da ayaba ko tumatir ko tuffa ba, domin iskar da suke fitarwa wajen nuna na lalata idon toho. Rabin kofin ruwa duk kwana goma. Sau uku wuta ta ɗauke dare guda, firij ya hau digiri 15, aka ƙara mata sati ɗaya a kan shida. Da ta fito aka ajiye ta a inuwa sosai kwana goma. Kashi biyu cikin uku na idanun suka buɗe tare, ja kamar ranar farko. Sati uku ya yi, ya koma kore, sabon reshe mafi tsawo bai kai santimita 5 ba.

Hukuncinmu a kan firij shi ne: yana tabbatar da inda ciwon yake, yana kuma iya riƙe ran ƙaramar bishiya a hannun mai sha'awa da tsayayyar wuta. Ba ya mayar da ita bishiyar tsakar gida. Zafin dare na sauran wata goma na nan, kuma ranar da ta fi ƙarfin firij zancen ya ƙare. Ko Jos, da ke tudu wajen mita 1,200, daren hunturunta zai taimaka wa launi, amma lissafin awa 1,000 ba ya cika. Wanda ya nace sai ya saya, ya tambayi mai sayarwa takardar izinin shigo da tsiro ta hukumar killace kayan noma, NAQS, da shaidar lafiyarsa daga ƙasar da ya fito. Irin da ake tallatawa a intanet kuwa sai ya yi wajen wata uku a firij kafin ya tsiro, kuma ɗan da ya fito ba lallai ya ɗauko launin uwar ba.

Abin da ya maye gurbinta

Da aka zauna da maigidan aka tambaye shi me yake so a zahiri, amsarsa gajeriya ce: jan ganye mai yatsu, bishiya ƙarama, a wannan zoben. Akwai tsirran ƙasashen zafi da ke ba da haka. Euphorbia cotinifolia na yin itace mai jan ganye, tsawon mita uku ko fiye, amma farin ruwanta na ƙona fata da ido. Jan binidazugu ganyensa ya yi kama, 'ya'yansa guba ne. Gidan da jikoki ke wasa, Hajiya ta ce a cire duka biyun daga lissafi, kuma ta yi daidai.

Aka tsaya a kan Hibiscus acetosella, 'yar Afirka ce daga yankin Angola da Kwango, ganyenta ja mai duhu, a tsage gida uku zuwa biyar, daga nesa sai a rantse mapul ce. Da mai fulawa ya murza ganyen ya ɗanɗana sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai dangin yakuwa ce." Haka ne, gidansu ɗaya da yakuwa da rama, ana ma cin ganyenta mai tsami a miya, in dai ba a yi mata feshi ba. Ranar da ta ƙone mapul ita ce ke ƙara mata ja. A inuwa ne take dusashewa.

Sai da aka gyara zoben tukuna, don ita ma ba ta son kwanciyar ruwa. An kwashe ɓaraguzan siminti, aka fasa dannanniyar jar ƙasar da diga har santimita 60, aka cire layin intalok ɗaya aka binne bututu mai inci biyu zuwa kwata, aka ɗaga bakin zoben da bulo ɗaya don ruwan fili ya daina shiga. Ƙasar: baƙar ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, aka tula ta ta ɗara intalok da santimita 15.

Daga yanke ake tayar da ita. Reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa uku ko huɗu, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa a danshin yashi a inuwa. Cikin sati biyu zuwa uku ya yi saiwa. An tayar da biyar, aka zaɓi mafi miƙewa. In an bar ta da halinta, dogayen sanduna take yi masu faɗuwa, don haka siffar bishiya sai an koya mata. Aka kafa sandar gora mai tsawon mita ɗaya da rabi, ana ɗaure karan da tsumma sako-sako duk santimita 20, ana cire kowane reshen gefe da ya fito, amma ana barin ganyen jikin kara don ya yi kauri. Da ta kai santimita 90 aka tsinke kanta. Rassa huɗu na sama aka bari, kowanne in ya yi ganye biyar a tsinke bakinsa, 'ya'yansa ma haka. Wata biyar da dasawa ta yi kai zagaye mai faɗin kusan mita, ja har ƙasa. Takin zamani NPK 15-15-15 cokali ɗaya duk sati shida ya ishe ta, a barbaɗa nesa da kara. In ya yi yawa sai ta yi laushi, launin ya ragu.

Tana da nata rauni. Karanta na da gautsi, iskar farkon damina na iya karya kan gaba ɗaya, don haka sandar ba a cire ta, kuma a rage kan da kashi ɗaya cikin uku a farkon Maris. Ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa na taɓa ta, farin mai auduga ma haka, man darbejiya na isar musu. Wajen Nuwamba da Disamba tana fure, bayan furen ta rame, a datse ta a ba ta ruwa. Ba ta da tsawon rai: shekara biyu ta tsufa, gindinta ya yi itace ya fara tsagewa. Saboda haka kowane watan Mayu ake yanka sabbi uku a tukunya a bayan gida, a fara ɗaure mafi kyau a sanda, ta yadda ranar da za a tumɓuke tsohuwar akwai mai santimita 90 tana jira.